Ƙululu da rotse: abin da ido ke gani da abin da takardar likita ke faɗi

Babu gidan da ke da yara da bai san wannan kukan ba. Yaro ya faɗo daga iccen mangwaro, ko ya yi karo da ƙofa, ya shigo tsakar gida jini na zuba a fuskarsa, uwa ta saki muciya tana salati. Abin da ya kamata mu fara sani shi ne fatar kai cike take da ƙananan hanyoyin jini, shi ya sa rotsen da bai kai tsawon farce ba yake iya jiƙa riga. Yawan jini ba shi ne ma'aunin haɗari ba.

A wanke hannu, a danne wurin da tsumma mai tsabta minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙe ba. In jinin ya tsaya, a wanke da ruwa da sabulu, a rufe da bandeji. Ƙululu kuwa sanyi yake so: ƙanƙara a cikin ƙyalle, ko tsumman da aka jiƙa da ruwan randa, kamar minti 15. Kada a murza shi da gindin ludayi don a mayar da shi ciki, murzar ƙara tara jini take yi. Toka da garin taba da baƙin man inji, waɗanda har yanzu muke gani a kan yaranmu, hanya ce ta ruɓewa da cutar tetanos mai sandarar da muƙamuƙi. Don raɗaɗi farasitamol ya wadatar. A guji asfirin, yana tsinka jini. In bakin rauni ya buɗe, ɗinki yake buƙata a ranar. Mai alwala kuma ya shafa a kan bandejin, ba sai ya kwance ba.

Da yawa daga cikinmu sun taɓa ganin harafi da lambobi a takardar da likita ya bayar, suka ɗauka sunan wata muguwar cuta ce ake ɓoye musu. Lambobin daga kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya suke, wanda ake kira CIM da Faransanci. A bugu na 10, da aka amince da shi a 1990, S00 na nufin raunin da ya tsaya a fatar kai ko fuska: S00.0 fatar da gashi ke fitowa, S00.1 kumburin fatar ido, S00.3 hanci, S00.5 leɓe da cikin baki. Rauni mai buɗaɗɗen baki S01 ne, karayar ƙashin kai S02, abin da ya taɓa ƙwaƙwalwa kuwa S06. Bugu na 11 ya fara aiki a 2022, a can S00 ta koma NA00, amma tsohuwar lambar ba ta ɓace daga takardu ba.

Sai dai S00 shaida ce ta abin da likita ya gani a sa'ar da ya duba. Jinin da ke tsiyaya a cikin ƙoƙon kai yana iya ɗaukar awowi kafin ya nuna kansa, don haka kwana 2 na farko aikin gida ne. A bar yaro ya yi barci, amma a riƙa tada shi a ga ko yana gane mutane. A koma likita ko da tsakar dare ne idan ya suma, ko yana ta maimaita amai, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi, ko ruwa garai-garai na fita ta hanci ko kunne, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa. Jaririn da maɗigarsa ta kumbura, ko ya ƙi nono, ba a jira da shi.

Tsofaffinmu ne muka fi mantawa da su. Dattijo zai zame a makewayi, ya ce ba komai, bayan mako 3 ya fara ruɗewa ko jan ƙafa, sai a ce tsufa ne. A faɗa wa likita faɗuwar, musamman in yana shan maganin tsinka jini. Kuma a faɗi gaskiyar yadda abin ya auku, ko da bugun wani na gida ne, ko kabu-kabu ne ya kayar da shi, domin tsayin faɗuwa da ƙarfin bugu na daga cikin abin da likita ke aunawa kafin ya ce a tafi gida ko a ɗauki hoton kai.