Kada Ku Sa Tsohuwar Azara a Murhu

'Yan'uwana mata, kun san dai abin da kan faru in maigida ya rushe tsohon soro zai yi ginin bulo. Magina su tara azara da tsofaffin ƙyamare a gefen tsakar gida, kafin wata guda duk sun ƙare a gindin tukunya. To, itacen nan da muke dafa tuwo da shi ya isa a yi wa motar maigida ko babur gareji, ya kuwa fi sabon katakon kasuwa ƙarko.

Azara dai gangar giginya ce da aka tsaga. Bayanta baƙi ne mai tauri, gara ba ta cika iya masa ba. Da ita Babban Gwani ya ƙarfafa bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19, in kuma kun shiga Gidan Makama a Kano kun ɗaga kai za ku gan ta jere a rufi. Giginya kuwa takan yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ga shi kuma ba mu barinta ta girma, domin kowane muruci da muka saya wa yara giginya ce da aka tone tun tana jaririya. Sabon katako sau da yawa ɗanye ake sayar da shi, in ya sha rana ya karkace ya tsage. Tsohon itace ya riga ya gama bushewa, yadda aka sa shi haka zai zauna.

Amma ba kowane tsohon itace ne zai yi ba, nan ne kuwa aikinku yake, tun da ku ne a gida. Ku ƙwanƙwasa kowane guda da taɓarya. Mai lafiya zai yi ƙara tsaf, wanda aka cinye cikinsa sai ya yi amo kamar ganga. Sa'an nan ku soka tsinin wuƙa a bakinsa, watau inda ya shige cikin bango, gama daga nan ruɓa take farawa. In wuƙa ta nutse, ko kuka ga gari yana zuba daga ƙananan huji, ku ware shi. Kada a yarda a ce wai a lallaɓa a sa shi a sama don tsimi. Yaranku ne za su riƙa wasa a ƙarƙashin rufin nan.

A sa babban yaro ya cire tsofaffin ƙusoshi, a tara su a gwangwani, don taka ƙusa yakan jawo ciwon sarƙewar haƙora. A kuma yi hankali da sartsen azara, kamar allura yake. Wanda aka zaɓa a jera shi a kan duwatsu a inuwa, kada ya taɓa ƙasa.

Ƙaramar mota tana bukatar wuri mai tsawon ƙafa 18 da faɗin ƙafa 10. Ku 'yan makaranta ga lissafi: in za a kafa ginshiƙi a kowace ƙafa 6, guda 4 ke nan a kowane gefe, duka 8. Magina na dā ba su barin azara ta ƙetare fiye da wajen ƙafa 6 ba tare da madogara ba, saboda nauyin ƙasa. Kwano bai kai ƙasa nauyi ba, amma duk da haka a faɗin nan na ƙafa 10 gara a sa katako mai kauri, kamar na maɗaci, a bar azara ta yi ginshiƙai da gajerun wurare. Ku gaya wa kafinta ya ɗora kowane ginshiƙi a kan dutse ko dunƙulen siminti da ya ɗara ƙasa da taki guda, ya kuma ɗaure rufin da langa-langa, don iskar farkon damina ba ta da sabo. Azara takan tsage in an buga mata ƙusa kai tsaye, sai an huda ta tukuna ko a ɗaure da waya.

Tsofaffin ƙyamare su ne ƙofa, in sun yi yawa a toshe gefen gabas da su, inda ruwa yake bugowa. Ni dai ban ga amfanin a kankare itacen ko a yi masa fenti ba. Baƙin nan da hayaƙi da shekaru suka ba shi kyau ne da shi, a Amurka ma mutane kuɗi suke biya a sayar musu da katakon tsofaffin rumbunan gona don wannan kama.

Garejin ya yi nesa da madafa, kada kuma a kewaye shi da zana, saboda fetur. Ragowar guntayen azara ku yi girki da su, amma ban da katako mai fenti. Tsohon fenti sau da yawa akwai dalma a cikinsa, hayaƙinsa da tokarsa suna cutar da ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Irin wannan a kai shi juji can nesa da gida.