Ɓoye Gwangwani, Yara Su Nemo

Uwargida, tun da rashin tsaro ya hana yaranmu na 'Yandoto da Tsafe da Bungudu fita bayan gari, da yawa sun koma kan wayar iyaye mata. Ga wasan da zai fitar da su ba tare da sun bar unguwa ba.

Asalinsa daga Ingila ne. A 1854 wani ɗan jagora, James Perrott, ya ajiye kwalba a dajin Dartmoor don matafiya su bar katinsu. Yau ana ɓoye akwati mai littafi da hatimi, a nemo shi da alamu.

Ke gwangwanin madara ya ishe ki. Saka ɗan littafi da hatimin da kika sassaƙa daga tsohon silifas, ki ɓoye tsakanin gidanku da gidan kaka. Sai ki ba su alama: "Daga bishiyar dalbejiya, taku goma gabas." Babba ya tura keke, ƙanana su ƙirga taku. Wanda ya gano ya dangwala tawadar allo ya buga hatimi.

Sharaɗi biyu: babban mutum ya raka su, kuma a dawo kafin magariba.

Ke a ina za ki ɓoye naki?