Ko Kun Sani? Gwamnoni Uku, Suna Ɗaya

Ko kun san cewa sunan Madaki, wanda ya yawaita a gidajen Kudancin Kaduna, asalinsa sarauta ce? Madaki ko Madawaki shi ne shugaban mayaƙan doki a fadar sarakunan Hausa, kuma har gobe Madakin Kano yana cikin masu zaɓen sarki. Idan kaka ya riƙe sarautar, ko aka raɗa wa yaro sunan, sai jikoki su gaje shi a rajistar makaranta.

Abin mamaki, a zamanin Janar Babangida an yi gwamnonin soja uku masu wannan suna, biyu daga cikinsu 'yan Kudancin Kaduna. Joshua Madaki, ɗan Manchok da ke kusa da Kafanchan, ya riƙe Bauchi daga 1987 zuwa 1990, sannan Filato har 1992.

Wanda ya fi barin tarihi shi ne Kanar Yohanna Madaki na ƙasar Zangon Kataf. Yana gwamnan tsohuwar jihar Gongola ya tuɓe Sarkin Muri, Umaru Abba Tukur, a 1986. Ka ji mai sunan bafade ya cire wa sarki rawani! Daga nan aka mayar da shi Binuwai, kafin ya bar soja ya rungumi aikin lauya.

Na ukun, John Yahaya Madaki, wanda ya mulki Katsina daga 1989 zuwa 1992, mutumin jihar Neja ne.