Digirin Turanci A Khartum Da Umdurman: Karatu Da Bashi, Albashi Da Kuka

Tun daga watan Mayun 2024 da gwamnatin tarayya ta fara karɓar takardun masu neman rancen karatu, da wuya mako ya wuce wani uba bai bugo mana waya a gidan rediyo ba yana tambaya ko ya dace ɗansa ya ci bashi don ya karanta Turanci a jami'a. Maimakon mu yanke hukunci da ka, sai muka ga ya kamata mu leƙa ƙasar Sudan, inda muke da 'yan uwa Hausawa tun zamanin tafiya Makka a ƙasa, inda kuma dubban 'ya'yanmu suka yi karatu, musamman a Jami'ar Afirka da ke Khartum. Masu iya magana dai sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A da can, wanda ya samu shiga Jami'ar Khartum, wadda ta samo asali daga Kwalejin Gordon ta 1902, ta kuma zama cikakkiyar jami'a a 1956, ya haye. Da Turanci ake koyar da yawancin darussa, ga ɗakin kwana da abinci kyauta, in ya gama kuma aiki na jiran sa. A 1990 gwamnatin Umar al-Bashir ta zo da abin da ta kira juyin juya halin ilimi mai zurfi, ta mai da Larabci harshen koyarwa, ta buɗe sababbin jami'o'i barkatai, ta kuma janye ciyarwa da masaukin kyauta, ta miƙa lamarin ga wani asusun kula da ɗalibai. Daga baya aka shigo da gurabe na masu biyan kuɗi mai tsoka a jami'o'in gwamnati, ga kuma masu zaman kansu a Umdurman irin su Ahliyya da Jami'ar Mata ta Ahfad.

To a nan ne bashi ya shigo. Sai dai bashin ɗalibin Sudan ba irin na Amurka ko Ingila ba ne, inda hukuma ke rubuta sunan yaro a littafi. Na gida ne. Uwa ta sayar da gwal ɗinta ko ta ɗauki adashi, wanda su ke kira sanduk, kawu da ke aiki a Saudiyya ya aiko da riyal, uba kuma ya rubuta wa ɗan kasuwa cek yana fatan kafin ranar biya Allah Ya kawo mafita. In bai kawo ba, shekaru da dama akwai hukuncin da ke tsare mai irin wannan bashi a kurkuku har sai ya biya. Irin wannan rance ba ya da ruwa, amma yana da ido, domin kullum mai digiri ya shigo gida yana ganin waɗanda suka yi masa wahala.

Mayar da karatu Larabci ya sa masu jin Turanci sosai suka yi ƙaranci, kuma hakan ya raba masu wannan digiri gida biyu. Na farko su ne waɗanda suka dace da aikin tafinta ko na ofis a ƙungiyoyin agaji da rundunonin Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka cika ƙasar bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 da rikicin Darfur. Albashinsu na tafiya da dala, mutum ɗaya kan riƙe gida guda har ya biya wa ƙannensa makaranta. Amma aiki ne irin na inuwar giginya. A watan Maris na 2009 gwamnati ta kori ƙungiyoyin agaji na waje guda 13 a lokaci guda, rundunar Darfur kuma ta kammala aikinta a ƙarshen 2020.

Gida na biyu, wanda shi ne mafi yawa, malaman makaranta ne masu karɓar fam ɗin Sudan. Tun da Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, fam bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. A watan Fabrairun 2021 aka karya darajarsa daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, a shekarar kuma tsadar kaya ta haura kashi 300 cikin ɗari. Lokacin da malamai suka shiga yajin aiki a ƙarshen 2022, mafi ƙarancin albashi fam 12,000 ne, abin da bai kai dala 25 ba. Shi ya sa malamin Turanci kan tashi daga aji da rana ya wuce koyar da 'ya'yan masu hali a gida, ko ya yi ta neman bizar Saudiyya. Takarda iri ɗaya, aji ɗaya suka zauna, amma abin da ya raba su shi ne wane kuɗi ake biyan kowa da shi.

Ana cikin haka yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Aka rufe jami'o'in birnin, aka wawashe wasu, Najeriya ta kwaso ɗalibanta ta Masar da Port Sudan. Sojoji sun sake karɓe Khartum a watan Maris na 2025, to amma gwal ɗin da aka sayar ya tafi, wanda ake bi kuma ana bin sa.

Mu dawo gida. Rancen NELFUND ba ya da ruwa, na ɗaliban makarantun gwamnati ne na cikin ƙasa, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Mu ɗauka yaro ya ci Naira 700,000, ya samu aikin Naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024. Wata 100 zai yi yana biya, sama da shekara takwas ke nan, alhali mun san makarantun kuɗi da yawa a Kano da Katsina ko hakan ba sa biya.

Ba muna cewa a guji Turanci ba ne, domin ko a Sudan shi ya fitar da wasu gidaje kunya. Abin da muke cewa shi ne, kafin a sa hannu a takarda, a zauna da yaro a tambaye shi wa zai saya masa wannan harshe, da kuma abin da zai haɗa da shi, ko fassara, ko Larabci, ko aikin jarida, ko kwamfuta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya kuma sa wa karatun 'ya'yanmu albarka.