Digirin Zane da Bashin Karatu: Lissafin da Ke Gaban Iyaye a Agege

Hausawan Agege ba baƙin lissafi ba ne. Fataucin goro da na shanu ne ya zaunar da kakanninsu a wannan gefe na Legas, layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya ƙara wa zaman ƙarfi, kuma har gobe yaron da ya tashi tsakanin Zango da mayankar Oko-Oba ya san uwar kuɗi, ya san riba. Shi ya sa duk ranar da ɗa ya durƙusa ya ce, "Baba, zane nake so in karanta a Kwalejin Yaba, kuma gwamnati na ba da rance," amsar da zai ji ita ce, "To, in ka gama, wa zai saya?" Tambayar tana kan hanya, kuma ta cancanci amsa da alƙaluma.

A watan Afrilun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar rancen ɗalibai, a watan Mayu kuma asusun NELFUND ya fara karɓar masu nema. Asusun na tura kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, ya ba ɗalibi naira 20,000 a wata na guzuri. Babu ruwa a kan bashin, abin da ya kwantar da hankalin gidajen Musulmi da dama. Sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa ake fara biya, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi, mai sana'ar kansa kuma ya ba da kashi 10 na ribarsa.

A ɗauka ɗalibi ya karɓi guzurin kowane wata har shekara 4. Naira 960,000 ke nan, in an haɗa da kuɗin makaranta an haura miliyan ɗaya. Idan ya samu aiki a kan mafi ƙarancin albashin da jihar Legas ta tsayar a 2024, naira 85,000, za a riƙa cire 8,500 a wata, biyan miliyan ɗaya kawai zai ci kusan shekara 10. Sauƙin da ke ciki shi ne bashin ba ya haihuwa, hauhawar farashi kuwa, wadda ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024, tana rage masa nauyi shekara bayan shekara. Wannan ya sha bamban da Amurka, inda bashin ɗalibai ya kai kimanin dala tiriliyan 1.7 kuma ruwa ke bin sa.

Amma akwai kuɗin da rancen bai san da zamansa ba. Ɗalibin zane ba da littafi da biro kaɗai yake karatu ba. Sai fenti, sai buroshi, sai kyallen zane da katakon ɗaure shi, sai yumɓu ko ƙarfe ga mai sassaƙa, yanzu kuma sai kwamfuta mai ƙarfi. Nagartattun kayan daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga kusan 460 ta haura 1,500 a 2024. Daga wannan 20,000 ɗin ɗalibi zai ci abinci, ya hau mota daga Agege zuwa Yaba ko Akoka, sannan ya sayi fenti. Ba za ta kai ba. A nan ne 'ya'yan talakawa ke sarewa, su yi aikin kammalawa da kayan da ba sa nuna iyawarsu, alhali da wannan aikin ne za su nemi kasuwa.

Kasuwar kuwa hawa biyu ce. A saman akwai labaran da ke sa matashi mafarki: zanen Tutu na Ben Enwonwu da aka sayar a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2, da bikin ART X Lagos da aka fara a 2016, da gidajen baje kolin Ikoyi da Lekki, waɗanda kan ɗauki kaso mai tsoka, wani lokaci har rabin farashi. Ƙalilan ne ke kaiwa can. Mafi yawa a hawan ƙasa suke cin abinci: tsara fastoci da kalandu a maɗaba'un Shomolu, allunan shaguna, katin biki, zanen atamfa, adon gine-gine, koyarwa a makarantun kuɗi. Aikin halal ne mai rufin asiri, sai dai kuɗinsa yau akwai, gobe babu. Ko a Ingila, binciken cibiyar IFS na 2020 ya nuna cewa maza masu digirin fasahar ƙirƙira, a matsakaici, ba sa samun abin da za su samu tsawon rayuwa da ba su shiga jami'a ba.

Duk da haka ba na goyon bayan uban da zai hana ɗansa wannan karatu. A Zariya ne, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar zanen Najeriya, suka ce a koma a ɗebo daga al'adun gida. Grillo ya zo ya shugabanci makarantar zane ta Kwalejin Yaba shekaru masu yawa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mu masu dagin Arewa, da zayyanar allo, da aikin aska takwas, da adon bangon Zazzau, muka zama 'yan kallo a harkar. Mai ƙyamar zanen abu mai rai ma yana da fili: rubutun ado, zanen tufafi, tsarin littafi, tambarin kamfani. Yaron Agege mai jin Hausa, Yarabanci da Turanci yana iya yi wa kasuwanni uku aiki daga kwamfuta ɗaya.

Shawarata ga iyali ita ce a ci bashin kuɗin makaranta, guzuri kuma a yi tunani sau biyu, domin shi ne ke kumbura jimlar. Kayan aiki a ɗauke su a matsayin jari, dangi su haɗa kamar yadda ake haɗa wa yaro jarin goro. Tun daga shekarar farko a kai shi wajen wani mai maɗaba'a a Shomolu ya riƙa hutu a can, ya koyi yanka farashi, da karɓar kafin alƙalami, da rubuta yarjejeniya. Ita kuma NELFUND, tun da ta ce mai sana'ar kansa ya biya daga riba, ta fito da bayani ƙarara kan yadda za a lissafa wa mai zanen da ya yi ciniki a watan babbar salla, sannan ya yi wata uku ba ko sisi.