Gargaɗi Ga Masu Haɗa Allon Ɗora Manhaja

Ya wajaba ɗalibai da masu gyaran kayan lantarki, waɗanda suka soma haɗa allon ɗora manhaja a kan ƙananan aisi masu sarrafa na'ura, su sani cewa sau da yawa aisin da ake yanke wa hukuncin ya ƙone ko jabu ne, har a jefar da shi a koma kasuwa, lafiyarsa lau, illa dai an bar wata ƙafarsa a sake ba a haɗa ta da komai ba.

Dalili kuwa, ƙafar da ke karɓar umarni ba ta jan wuta sai ɗan abin da bai kai a ambata ba, saboda haka kusantar yatsa, ko wayar wutar gida da ta gitta kusa, ko tartsatsin da tufafi ke tarawa a busasshiyar iskar hunturu, duk suna iya rinjayarta, ta kasance cikin shubuha tsakanin 0 da 1, tamkar ƙyauren da ba a sa wa sakata ba. Maganin abin resista ce guda, galibi mai om 10,000, wadda zobbanta suke ruwan ƙasa, baƙi da ruwan lemo. A liƙa bakinta ɗaya a ƙafar, ɗayan a layin ƙasa mai alamar GND, ta riƙe ƙafar a 0 har umarni na haƙiƙa ya zo, a sa'an nan ma rabin miliyamfa kacal take sha a bolt 5. Wanda ya yi ƙwauron resistar ya sa zallar waya, to, ya gajarce wa wuta hanya, ƙonewar da yake tsoro sai ta tabbata.

Misali bayyananne shi ne PIC16F877A, wanda kamfanin Microchip ke fitar da shi a shirye don karɓar manhaja da ƙaramar wuta ta ƙafar RB3: muddin ba a rufe wannan ƙofa ba, ƙafar kuma tana reto, aisin kan daina aikinsa haka kawai ya zauna jiran manhaja. Haka ƙafar BOOT0 ta STM32 take.

Sai dai kada a yi ƙiyasi a inda bai halatta ba, domin ƙafar RESET ta ATmega328P da ke kan Arduino Uno sama ake janta. Wanda ya ja ta ƙasa ya ɗaure aisin, ba zai motsa ba sam. A duba takardar bayanin kowane aisi tukuna, bayan liƙi kuma, wuta a kashe, a aza mita tsakanin ƙafar da aka ja ƙasa da GND a ga ta nuna kusan om 10,000.