Me ya sa moter ba ya tashi nan take idan kuran ya dawo?

Masu saurarenmu na karkara, da ƴan uwa na ƙetare da ke aiko kuɗin injin niƙa ko famfon foraj, sun sha yi mana wannan tambaya: kuran ya dawo, amma injin ya yi shiru sai bayan ɗan lokaci, ko dai jabun kaya aka sayar mana?

A'a, jama'a. Cikin akwatin wutar da ke manne a bango akwai wata ƴar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, masu gyaran lantarki na ce mata tamporizater. Aikinta jira. Tana da ɗan abin murɗawa mai lambobi, na daƙiƙa ko na minti. Da wuta ta shige ta sai ta fara ƙirge, in lokacin da aka sa mata ya cika sai ta haɗa ko ta raba wasu ƙananan bakunan ƙarfe. Ba ita ke ɗaukar wutar moter ba, umarni kawai take ba kontakter, shi ne mai ƙarfin ɗaukar nauyin. Na da, iska ce ke bi ta wata ƴar kafa sannu a hankali, na yanzu kuwa da lantarki suke ƙirgensu.

Inda ta fi amfani shi ne wajen tayar da babban moter mai layi 3, na volt 380. In aka ba shi wuta gaba ɗaya, yana jan abin da ya ninka na aikinsa sau 5 zuwa 7, shi ya sa fitilun unguwa ke lumshewa. Don haka ake fara tayar da shi a haɗin da ake kira etuwal, inda kowane naɗin waya ke samun volt 220 kaɗai, jan wutar ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku. Bayan ƴan daƙiƙu, moter ya ɗauki gudu, sai tamporizater ta saki kontakter na etuwal ta kama na tiriyangil. Tsakanin saki da kamawa akwai ɗan jinkiri da bai kai ƙiftawar ido ba, don in biyun suka rufe tare layuka za su haɗu, sai tartsatsi da ƙauri.

Ga inda masu niƙa ke kuskure. A etuwal ƙarfin juyin moter ma kashi ɗaya cikin uku ne. Yaron injin da ke gaggawar zuba hatsi tun bai ji sautin ya sauya ba, wahalar da moter yake yi. Haka in aka gajarce lokacin, moter bai kai gudu ba, zai fizgi wuta kamar ba a yi komai ba. In an tsawaita shi kuma yana ɗauke da kaya, sai ya yi zafi.

Firigon masu ƙanƙara da na ajiyar allurar rigakafi, su minti 3 zuwa 5 suke so. In kuran ya ɗauke ya dawo nan da nan, matsin gas bai sauka ba, kwamfuresa na iya kasa juyawa ya tsaya yana zafi. Akwai kuma mai jira bayan an kashe: ita ke barin gurup ya yi ta juyawa ba kaya na ƴan mintoci har ya huce.

Abin da ya fi damunmu shi ne mai gyaran da zai tarar na'urar ta mutu, sai ya tsallake ta da guntun waya ya ce an gama. Injin zai tashi kam, amma kuɗin sake naɗin moter ya fi na tamporizater nesa ba kusa ba, ga mata da kwanonin hatsi suna jira kwana da kwanaki. Kada kuma a rikita ta da rale tarmik, wanda ke yanke wuta in moter ya ja fiye da kima. Kowane da nasa aiki.

Ƴan uwa na nesa, in an ce an yi gyara, ku ce a nuna muku sabuwar na'urar da tsohuwar a hoto ta WhatsApp, a kuma rubuta lambar da aka saita a jikin murfin akwatin. Wanda zai buɗe shi ya fara sauke babban disjonkter.